Nauyin Ɓangaren Hagu

Litinin 6 ga Mayu, bayan azahar

Na buɗe rumfa. An kwana ana ruwa, kasuwa ta zama kunu. Na fasa sabuwar dila, rabinta shara ce, masu ƙarfe a lanƙwashe da masu robar da ta mutu. Wanda ya ɗaure dilar nan a can Turai, Allah Ya haɗa shi da irinta ranar da ya rasa abin sawa.

Rigar mama nake sayarwa, gwanjo, a kasuwar Hedzranawe. Sutiyan, yadda kowa ke cewa a Lome. Na rubuta ne don in gan shi a takarda, tunda 'yan zaman ƙofar masallaci ba sa iya faɗin sana'ata sai sun yi tari. Matansu kuwa wurina suke zuwa.

Mma ba ta fito ba.

Talata 7 ga Mayu, da safe

Inna Ajaratu, ƙanwar uwata Mma, ta shigar mata da koko. Kwanon ya fito da rabi.

Alhamis 9 ga Mayu, bayan la'asar

Kafin azumi aka yi wa Mma aikin. Wurin ya warke, likita da bakinsa ya faɗa. Sun cire abin da suka ce dole a cire. Hagu. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Tun ranar da muka dawo da ita a taksi ta shiga ɗaki, labule ya sauka. Alwala a ɗaki, salla a ɗaki. In ranar asibiti ta zo, da duhun asuba take fita, cikin mayafi biyu, hannu a naɗe a ƙirji kamar mai ɓoye kaza. Matar da duk Zango ya san muryarta a bakin buhunan shinkafa da gero. Buhunan suna nan a soro, Inna ce ke awo yanzu, masu saye suna ƙorafi hannunta ba ya cika.

Ƙanwata Nafissatou ta dawo gida haihuwa, cikin fari, ƙarshen watan nan ake sa rai. Ranar suna matan Zango kaf za su cika gidan nan, kuma uwar mai jego ce ke zama a tsakar gida ana mata barka. Mma ta ce wa Inna, “Ki zauna a madadina.” Nafi ta ji. Ta je ta zauna kusa da famfo tana kallon bokiti yana cika yana zuba.

Juma'a 10 ga Mayu, bayan masallaci

Wata 'yar ƙabilar Mina mai sayar da kifi ta zo rumfa. Ta ɗauki sutiyan ta zagaya shi a ƙugunta kan zane, yadda duk suke yi, wai in ya zagaye ƙugu zai zagaye ƙirji. Na ce, “Tanti, a ƙugu za ki sa shi?” Ta ce in rufe mata baki, tun ban zo duniya ba take saya. Na ce shi ya sa tun ban zo duniya ba kafaɗarki ke ciwo. Na dube ta sau ɗaya, na zaro mata wani, faɗin ya fi nata ƙanƙanta, kofin ya fi zurfi. Ta gwada kan riga, ta ce ni maye ne.

Ba maita ba ce. Mace mai faɗin baya daban, mai ƙaramin haƙarƙari daban, mai shayarwa daban, kuma babu wadda gefenta biyu suka zo daidai. Lambar Ingila daban da ta Faransa. A jikin 'yan takardun wuyan kaya na koyi karatu bayan na bar lakwal, makarantar boko, kafin in kai ga littattafai. Mace ta tsaya a bakin rumfa, kafin ta gama sallama na san nata.

Na rufe rumfa.

Asabar 11 ga Mayu, da magariba

Inna ta tare ni a soro.

“Kai da kake sayar da abin, ba za ka nemo wa uwarka ba?”

“Wace lamba?”

“Ni na taɓa sanin wata lamba? Kai ne mai ido.”

“Inna, ban taɓa kallonta ba.”

Ta san gaskiya ce. Ni ɗan fari ne. Mma ba ta taɓa kiran sunana ba, Sabiru bai taɓa fita daga bakinta ba. “Yaron nan” ne, ko “wancan”. In tana son in yi abu, bango take faɗa wa ina tsaye. Ba ta kallona, ba na kallonta. Haka aka yi mu, kuma ban taɓa jin ciwonsa ba sai bana.

Inna ta gyara tsayuwa ta ce, “To ni ka kalle ni. Ciki ɗaya muka fito.”

Na kalle ta. Na ce to.

Lahadi 12 ga Mayu

Mma ba ta fito ba.

Talata 14 ga Mayu, da rana

Na karanta a waya, da Faransanci, a hankali, ina tsallake kalmomin da suka fi ƙarfina. Akwai abin da ake sawa a gefen da babu. Na hau zem, acaɓan nan garin, har Agbalepedo, wani kantin magani da aka ce suna da shi. Yarinyar kanti ta fito da shi a akwati, roba mai laushi, launin cikin tafin hannun Bature. Ta ce, “Il faut que madame vienne, sai madam ta zo an gwada a jikinta.”

Na ce madam ba ta fita.

Ta ce ai sai ta fito.

Na ce da tana fita me zai kawo ni nan, kyan fuskarki? Mai gadi ya matso. Na fita da kaina.

Ba ta yi mini komai ba, yarinyar. Na sani.

Laraba 15 ga Mayu, bayan la'asar

Na zaɓi ɗaya daga cikin na sama-sama, auduga, marar ƙarfe, mai faɗin maɗauri, lambar Inna. Na wanke sau biyu don warin dila ya fita. Na kai wa Kimba tela, ɗan Dosso da ke bayan rumfata, na ce ya yi mini aljihu a cikin kofin hagu, ya cusa soson da yake sawa a kafaɗar kwat.

“Na wace ce?”

“Na kwastoma.”

“Kwastoma mai gefe ɗaya.”

“Kimba, ɗinka.”

Ya ɗinka. Da ya gama ya naɗe shi a baƙar leda, ya ƙara wata ledar a kai, ya ce Allah Ya ba kwastoma lafiya. Na ba Inna ledar a soro, kamar masu fasa-ƙwauri.

Juma'a 17 ga Mayu, da safe

Inna ta ce Mma ta karɓa. Ta sa ƙarƙashin matashi.

Asabar 18 ga Mayu, da magariba

Ina kasuwa abin ya faru, Nafi ce ta gaya mini.

Mma ta fito. Da hantsi, gidan ba kowa sai Nafi da Zeinab matar mai ɗakin ƙofa tana wanki. Ta tako har bakin famfo da butarta. Ta sunkuya. Soson ba shi da nauyi, faɗin kuma ya yi mata yawa, abin ya hau sama har kusa da wuyanta, ya tsaya a can ƙarƙashin riga. Zeinab ta gani. Ba ta yi dariya ba, Nafi ta rantse ba ta yi ba. Cewa ta yi, “Wayyo, sannu Mma.”

Mma ta bar butar a wurin. Yanzu ba labule kaɗai ba, har ƙofa.

Inna ta ce, “Ta rame, ni ban lura ba. Da can ma ta fi ni ƙaramin jiki.”

Na ce yanzu kike faɗa.

Ta ce, “Kai ne mai ido.”

Lahadi 19 ga Mayu

Butar tana nan bakin famfo. Ba wanda ya taɓa ta.

Litinin 20 ga Mayu, bayan azahar

Na buɗe rumfa. Na sayar. Na rufe rumfa.

Talata 21 ga Mayu, da yamma

Zeinab ta same ni ina wanke ƙafa. Wai ba don ta shiga abin da ba nata ba, amma akwai wani boka a Akodessewa, ƙanwar kishiyar wata ta je, abin ya tsaya cak. Wai irin wannan ciwo ba na asibiti ba ne, hannu ne aka sa mata.

Na ce mata hannun da na sani a gidan nan shi ne wanda ke ɗauke mana sabulu a bakin famfo. Na ce in mutumin Akodessewa yana mayar da abin da aka yanke, ta fara kai masa harshenta in na gama da shi. Na faɗi wasu abubuwan. Mijinta ya fito, Inna ta ja ni.

Duk wannan a ƙarƙashin tagar Mma. Ko tari ba ta yi ba.

Laraba 22 ga Mayu, da safe

Ranar asibiti. Mayafi biyu. Na tsayar da taksi, na zauna gaba, su suna baya. Likita ya ce a dawo bayan Babbar Salla a sake dubawa. Ya faɗi wata kalma, na rubuta ta a tafin hannuna don in nema a waya. Kafin mu iso gida gumi ya goge ta. Ban yi ƙoƙarin tunowa ba.

Alhamis 23 ga Mayu, bayan la'asar

Na koma na karanta da kyau abin da na tsallake. Nauyi ake so. In babu nauyi abin zai hau, kafaɗa ma za ta karkace da tafiya. Ni da nake yi wa matan kasuwa wa'azin kafaɗa.

Na ɗebi gero a buhun Mma. Kimba ya ɗinka 'yar jaka mai siffar kofin, muka cika, muka rufe bakin. Sutiyan na sauko da lamba ɗaya. Kimba ya ɗora jakar a tafinsa yana jinjinawa, ya ce, “Haka ya yi?”

Na ce ni na sani?

Ya ce, “To wa ya sani?”

Asabar 25 ga Mayu

Inna ta ce Mma ta sa shi a ɗaki, ta yi salla da shi. Bai hau ba. Ta ce yana janta gaba kaɗan. Ƙofa a buɗe yau, labule a sake.

Na ci abinci sosai.

Litinin 27 ga Mayu, da safe

Ɓera.

Gumi da danshin damina sun jiƙa geron, ya fara tsami. Mma ta cire ta rataye a ƙusa ya sha iska. Da gari ya waye ɓeraye sun huda kofin, gero a warwatse a kan sallayarta. Inna ta kawo mini shi a leda. Ramin ya kai girman kwabo, gefensa duk tabon haƙori.

Na tsaya ina kallonsa. Ina jira in ji haushi, bai zo ba.

A gidan da ake sayar da hatsi na ɗinka wa uwata gero a ƙirji. Ko yaron goye ya san abin da ke yawo a soron nan.

Talata 28 ga Mayu

Ban buɗe rumfa ba.

Laraba 29 ga Mayu, da rana

Ban buɗe ba. Na kwanta ina karanta wani littafin Faransanci da na tsinta a aljihun kwat cikin dila, ba bango, ba farko. Wani mutum yana tafiya a jirgin ruwa. Ban san inda za shi ba.

Alhamis 30 ga Mayu, bayan isha

Nafi ta sauka. Mace. Lafiya lau su biyun.

An shigar wa Mma jaririyar. Inna ta ce ta karɓe ta a hannun dama, ta daɗe tana kallonta, sai yarinyar ta juya kai tana nema, yadda suke yi, ta juya hagu. Mma ta miƙa wa Inna ita.

Suna Alhamis mai zuwa.

Juma'a 31 ga Mayu, da yamma

Mata sun fara zuwa barka. Kowace ta tsaya a bakin labule ta ce, “Mma, barka da arziki, ya jiki?” Daga ciki a ce, “Da sauƙi.” Su kalli juna.

Nafi ta kira ni ɗakinta. Ta ce dangin mijinta sun ce in Mma ba ta da lafiyar taro, a kai sunan gidansu a Kege. Ta ce, “Yaya, ni ba taron ne ya dame ni ba. In aka yi sunan nan ba ta fito ba, ba za ta ƙara fitowa ba. Ka san ta.”

Na ce ban san ta ba. Nan ne matsalar.

Ta ce, “Bon. To ka san ta kafin Alhamis.”

Asabar 1 ga Yuni, bayan azahar

Na buɗe rumfa don kada in zauna a gida.

Wata ta zo sayen shinkafa jiya, Inna ta auna mata, matar ta ce, “Da Mma ce, ko kwano ba ta buƙata.” Gaskiya ne. Mma tana ɗibar hatsi da hannu ta ce rabin kwano ne, a zuba a gani, ko ƙwaya ba ta ƙaru. Tun jiya maganar ke yawo a kaina.

Sau biyu ina aika mata abu a ɗinke, a rufe, na gama yanke hukunci. Na auna Inna. Na tambayi Kimba. Na tambayi waya. Mutum ɗaya ce a duniya ta ɗauki nauyin nan shekara da shekaru, kuma tana bayan labule, kuma awo ne sana'arta.

Na rufe da wuri na tafi babbar kasuwar Asigame. Na sayi 'yan ƙananan duwatsun jigida, na gilashi, masu kamar ƙwayar gero. Ɓera ba ya ci, ruwa ba ya ɓata su, a wanke a shanya. Mai sayarwa ta ce amarya zan yi wa? Na ce eh.

Lahadi 2 ga Yuni, bayan la'asar

Sutiyan uku, faɗi daban-daban, kowanne da aljihu a hagu. Jaka ɗaya, baki a buɗe, ba komai a ciki. Duwatsun a kwanon awonta. Allura da zare.

Inna ta miƙo hannu za ta karɓa. Na ce a'a.

Na je bakin labule da kaina. Ban taɓa tsayawa a nan ba tun da aka dawo da ita. Na yi sallama, aka amsa can ƙasa. Na ajiye tiren ta ƙarƙashin labule. Na juya na fuskanci bango, yadda take yi mini, na ce:

“A gaya wa mai ɗakin nan, ni ban iya awo ba. Sau biyu ina ɓatawa. Ita ta iya.”

Shiru.

Na ce, “A gaya mata in ba ta so, ta bar shi a nan, ba wanda zai ƙara kawo komai.”

Na tafi.

Litinin 3 ga Yuni

Tiren bai fito ba.

Talata 4 ga Yuni, da magariba

Bai fito ba. An kawo ragon suna, an ɗaure a soro, yana cin buhu. Mijin Nafi ya sake bugo waya kan maganar Kege. Nafi ta ce masa a nan za a yi. Ban san da me ta dogara ba.

Laraba 5 ga Yuni, da safe

Na fito alwalar asuba na ga tiren a ƙofar ɗakina. Sutiyan biyu a ninke, wanda babu shi ne mafi ƙanƙanta, wanda na sa don cika uku kawai. Allura a soke a jikin zaren. Kwano, da sauran duwatsu a ciki.

Na san yawan da na zuba. In na duba abin da ya rage, na san abin da ta ɗiba, na san nauyin abin da suka cire. Na ɗora faranti a kan kwanon ban duba ba, na tura ƙarƙashin gado.

Na buɗe rumfa. Wata ta zagi farashina, na bar ta.

Alhamis 6 ga Yuni, da yamma

An raɗa suna da safe a ƙofar gida. Radiyya. Aka yanka rago, maza suka watse, na tsaya a soro ina taya masu fiɗa don kada in shiga ciki.

Da hantsi mata suka cika tsakar gida. An shimfiɗa babbar tabarma, an ajiye kujera 'yar tsugune a tsakiya, ba kowa a kai. Inna tana ta kai da kawo, ta ƙi zama. Ina jin surutunsu, Hausa da Mina da Faransanci duk a haɗe, sai na ji ya ragu, ya ragu, ya ɗauke.

Na leƙa.

Mma tana tsaye a bakin ɗakinta. Atamfar da Nafi ta fitar ta suna, an rage mata ita. Mayafi ɗaya, a kafaɗa. Hannayenta a sake. Ta bi ta gefen famfo, ta sunkuya ta ɗauki butar nan da ke wurin tun ranar, ta ajiye ta inda ake ajiye butoci, ta miƙe. Ba abin da ya motsa. Ta zo ta zauna a kujerar ta ce, “Ina amaryar tawa? Ku ba ni ita, kun tsaya kuna kallona kamar na ci muku bashi.” Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, surutu ya dawo. Zeinab ce ta fara matsowa. Mma ta ce mata, “Ke, ina sabuluna?” aka yi dariya.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, hannuna duk jinin rago. Na kalle ta. Yadda nake kallon kowa a bakin rumfa, daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ta rame ƙwarai. Ƙashin wuyanta ya fito. Gefe da gefe daidai suke, daidai irin na mutane, ɗaya ya ɗan fi ɗaya.

Bayan la'asar na shigo da ƙafar rago zan ba Inna. Mma tana nan a kujerar, jaririya a cinyarta. Ba ta ɗago ba. Ta ce wa Inna, da ƙarfi yadda zan ji:

“A gaya wa yaron nan maɗaurin dama yana cizona a kafaɗa. Ya iya surutu a kasuwa, bai iya zaɓen maɗauri ba.”

Na ce wa Inna a gaya mata gobe za a canza.

Ban ce na riga na gani ba. Tun da hantsi na gani.